Allon da ke Ƙarƙashin Rufi

Matakalar dutse tamanin da bakwai.
Bana da gwiwa na ƙirga su, ba da baki ba.
Ta arba'in ta tsage tun wata girgizar ƙasa,
gansakuka ta ɗinke ta da koren zare.

A sama, ƙofa ce tsaye ita kaɗai:
ginshiƙi biyu, gungume biyu a gicciye,
ba bango, ba ƙyaure, ba sakata.
Ina yaro na tambayi kakana Tomekichi,
"Me take tsarewa, tun da barewa ma kewaye ta take yi?"
Ya ce, "Ba ta tsare komai.
Tuna maka take ka rage murya."

Karnukan dutse biyu na nan yadda na bar su,
ɗaya baki buɗe, ɗaya ya yi gum.
Na ɗebi ruwa da ludayin gora,
hagu, dama, sannan baki.
Sanyinsa ya gano haƙorin da ke ciwo.

Rufi aka kira ni in sabunta.
Ɓawon itace ne, falle kan falle,
an ɓare shi daga bishiya ba a kashe ta ba.
Nakan cika kumatu da ƙusoshin gora,
harshe ya juya su, leɓe ya miƙo,
guduma ta ce ƙwas.
Shi ya sa masu sana'armu ba su iya hira ba.

Ɗakin kansa bai kai rumbun shinkafa ba.
Yana tsaye kan ƙafafu, ya ɗage daga laima,
katako ya riƙe katako ba da ƙarfe ba,
kamar yatsun mutum biyu da suka daɗe tare.
Rufin gaba ya zarce na baya tsawo,
don kada ruwa ya doki wanda ya sunkuya.

Daren da za mu fara, aka kashe fitilun Okusawa duka.
Limamin wurin, Munakata, ya zo a kan babur
daga kwari na uku, don shi kaɗai ne ga ƙauye shida.
Ya rufe bakinsa da farin ƙyalle,
ya ɗauke mai ɗakin zuwa masaukin wucin gadi.
An ce madubi ne. Ban gani ba.
Na dai ji takun sawu a kan tsakuwa.

Kwana na huɗu hannuna ya taɓa allon,
a ƙarƙashin babban azara, ƙura ta lulluɓe shi.

Layin farko: shekarar da kogi ya cinye gonaki,
gida goma sha ɗaya suka haɗa itace.
Na biyu: shekarar tsawa, aka sake daga toka.
Na uku tawadarsa ta tafi, ta bar rabin suna.
Na huɗu bayan yaƙi ne.
Maza ba su dawo ba,
mata suka hau da ɓawon a bayansu,
Kinu, Masae, da wata da aka rubuta "matar mai gawayi".
A ƙasa, rubutun kakana, a karkace kamar tafiyarsa.

Yau gida tara ne ke fitar da hayaƙi.
Makaranta ta zama ma'ajiyar taki.
Tsohuwa Fusae ke share ganye kowace safiya,
ita ke tufka igiyar karan shinkafa duk ƙarshen shekara,
tana ƙorafin kullum siririya take fitowa.
Ta ɗago kai ta ce mini,
"Rufin nan shekara nawa zai yi?"
Na ce talatin, in kankara ta yi sauƙi.
Ta yi dariya har ta jingina da tsintsiya.

Na niƙa tawada da ruwan kwatarniyar dutse.
Na rubuta shekara, na rubuta sunana ƙarami.
Ƙasan allon na auna da tafin hannu:
akwai sauran wurin layi biyu.

Na mayar da shi inda yake,
na sake cika baki da ƙusa.